Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Majalisar Tarayya: Wa Dokar Kalaman Ƙiyayya Za Ta Kare?

Masu girma Sanatoci da 'Yan Majalisar Wakilai, musamman ku da mu 'yan Arewa muka tura Abuja,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, ina roƙon Allah Ya yi muku jagora a kan nauyin da ke wuyanku.

Ni malamin makaranta ne, na yi ritaya a Kano. Amma a Sabo ta Ibadan aka yanke mini cibiya, can mahaifina ya yi fataucin goro har ƙarfinsa ya ƙare. Ina yaro na san yadda zuciya take yi idan ka fita daga unguwarku aka bi ka da "Gambari", da muryar da ke gaya maka nan ba gidanku ba ne. Da na dawo Kano na kama aikin koyarwa, sai na tarar da kaina a ɗaya ɓangaren. Ni ne mai gari yanzu, kuma a bakin ɗalibaina, wani lokaci a bakin abokan aikina, nake jin "arne" da "inyamuri" ana jefa su kamar ba komai ba. Wanda ya zauna a ɓangarorin nan biyu yana da abin faɗa a kan dokar kalaman ƙiyayya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Duk sanda aka zubar da jini a ƙasar nan sai maganar dokar ta sake tasowa. Sanata Aliyu Sabi Abdullahi, mai wakiltar Neja ta Arewa a lokacin, ya kawo ƙudurinsa a 2018, ya sake dawo da shi a Nuwamban 2019, da tanadin kafa hukuma ta musamman, da ɗaurin rai da rai, da kisa ta hanyar rataya idan kalaman suka jawo asarar rai. Jama'a suka yi ca, ƙudurin ya kwanta. Tun da abin da ya haifar da shi bai gushe ba, zai dawo, ko a hannunsa ko a hannun wani. Kafin ya dawo nake so ku saurare ni. Ina goyon bayan a yi doka. Irin wadda aka kawo a 2019 ce nake roƙonku kada ku yi.

Ba na cikin masu cewa magana iska ce. Hausawa sun riga sun ce baki shi ke yanka wuya, tarihinmu kuma ya cika da shaida. A 1966 "araba" kalma ce da aka yi ta rerawa a titi, bayan Janar Ironsi ya soke tsarin tarayya da Doka ta 34 a watan Mayu. Kafin shekarar ta ƙare an kashe dubban Inyamurai a garuruwan Arewa, kuma jita-jitar cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas tana cikin abin da ya rura wutar. Abin da ya biyo baya yaƙi ne na wata talatin. A 2011, cikin kwana uku bayan zaɓen shugaban ƙasa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga mutum sama da 800 da aka kashe a jihohin Arewa goma sha biyu, kwamitin Sheikh Ahmed Lemu kuma ya sa kalaman tunzurawa na 'yan siyasa cikin dalilan. A 2018 'yan sandan Filato sun shaida wa BBC cewa hotunan ƙarya da aka yaɗa a Facebook sun ingiza kisan ramuwa, har da hoton da daga baya aka gano daga Kongo ya fito, shekaru kafin rikicin. A Ruwanda, kafin adda ta fara aiki a 1994, gidan rediyon RTLM da jaridar Kangura sun daɗe suna kiran 'yan Tutsi kyankyasai, kotun duniya da ta zauna a Arusha kuwa ta ɗaure shugabanninsu a 2003 duk da cewa makirufo da alƙalami ne makamansu. Don haka duk mai cewa a bar kowa ya faɗi abin da ya ga dama, bai taɓa kwana a unguwar da ake jiran a zo a ƙone ba.

Tambayar da nake so ku fara da ita, ranku ya daɗe, ita ce: su wane ne tsiraru a Nijeriya? Mun saba da zarar an ce tsiraru sai hankali ya tafi ga ƙananan ƙabilu, Atyap da Birom da Sayawa da Ogoni, kuma lallai suna da kukansu na musamman wanda ya girmi ƙasar kanta. Amma ranar da rikici ya tashi, tsiraru su ne waɗanda suka fi ƙaranci a kan titin da abin ke faruwa. Bahaushe mai rinjaye ne a kasuwar Kurmi ta Kano, a kasuwar Sasa ta Ibadan kuwa, a Fabrairun 2021, shi ne aka ƙone wa rumfa ya kwashe iyali ya nemi mafaka, daga saɓanin da ya faro tsakanin mutum biyu. Mafarauta goma sha shida da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a Maris ɗin 2025 suna hanyar komawa Kano yin Sallah ne. An ga bindigogin farauta a motarsu, wani ya ce masu garkuwa da mutane ne, kalmar ta wadatar. Matafiya sama da ashirin da aka kashe a hanyar Rukuba a Jos a Agustan 2021 daga taron zikiri a Bauchi suke, za su gida Jihar Ondo. Ɗalibar da aka kashe a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato a Mayun 2022, ita kaɗai ce a tsakiyar taro, babu alƙali, babu shaida, babu wanda ya tsaya ya ji ta bakinta. A cikin wannan watan na Mayu dai aka harbe wata mata 'yar Adamawa mai juna biyu da 'ya'yanta huɗu a Anambra. Bafulatanin da ya shigo kasuwar ƙauye a Zamfara sayar da akuya, 'yan sa-kai suka tare shi don kamanninsa kawai, shi ma a wannan sa'ar yana cikin tsiraru.

Mu Hausawa ya kamata mu fi kowa gane wannan, don mun bazu fiye da kowa. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su bar Ghana, mutanen zango da yawa suka taso da abin da kai zai iya ɗauka. Mu ma a 1983, zamanin Shagari, muka kori 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya. A 2022 a Jihar Bulu Nayil ta Sudan, Hausawan da kakanninsu suka zauna can tun zamanin tafiya Hajji a ƙasa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, sai aka tashi da cewa su baƙi ne, ba su da ƙasa. Aka kashe mutum sama da ɗari a watan Yuli, aka sake kashe sama da ɗari biyu a Oktoba. Mun yi kuka a nan, mun yi addu'a a masallatai. To kalmar da aka kashe su da ita, "baƙo", ita muke faɗa wa wanda aka haifi ubansa a Sabon Gari.

A nan ne nake tsoron kishin ƙasa, ko kuma in ce abin da ake sayar mana da sunansa. Son ƙasa abu ne mai kyau, ni ma ina tashi tsaye idan ana taken Nijeriya. Amma duk dokar da aka rubuta da nufin kare "haɗin kan ƙasa" da "zaman lafiyar jama'a", a hannun mai mulki take ƙarewa, domin shi ne yake fassara mene ne ƙasa da wane ne ya taɓa ta. Ku dubi abin da ya riga ya faru. A Agustan 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya a dokokin hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin daga naira dubu 500 zuwa miliyan 5. Ba a rufa wata ba aka ci gidan rediyon Nigeria Info wannan tara, saboda hirar da marigayi Obadiah Mailafia ya zargi wani gwamnan Arewa da hannu a Boko Haram. Ko zargin nasa ya yi muni, gwamna ne aka kare, ba wata ƙabila da ake shirin far wa ba. A ƙarshen 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja aka tsare, a kan 'yar gajeriyar magana da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya zama sandar dukan 'yan jarida, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, ku da kanku kuka yi masa gyara a 2024. A Yunin 2021 an rufe Twitter a ƙasar nan wata bakwai, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Buhari da ya tuna wa mutanen Kudu maso Gabas yaƙin basasa.

Sai ku ɗora wannan a gefe guda, ku dubi ɗaya gefen. Ranar 6 ga Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka tsaya a Kaduna gaban 'yan jarida suka ba Inyamurai zuwa 1 ga Oktoba su bar Arewa. Gwamna El-Rufai ya ce a kama su. Ba a kama kowa ba. A lokacin har wata waƙa aka yi ta turawa a waya tana kiran a hallaka ƙabilar, sai da ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da gargaɗi. A Janairun 2021 Sunday Igboho, ɗan fafutukar Yarbawa, ya ba Fulanin Igangan ta Jihar Oyo kwana bakwai su tashi, aka ƙone gidan Sarkin Fulanin garin, ya ci gaba da yawonsa. Sai a watan Yuli, da ya ɗau zafi a kan kafa ƙasar Yarbawa, jami'an DSS suka dira gidansa da tsakar dare. Ranku ya daɗe, darasin da talaka ya ɗauka a nan shi ne: ka kori ƙabila guda daga gari babu abin da zai same ka, amma ka taɓa taswirar ƙasa ko mutuncin mai mulki, kafin gari ya waye an zo. Idan kuka ɗora hukuncin rataya a kan wannan ɗabi'a, wuyan ɗan jarida da ɗalibi da ɗan adawa za ku ba igiya, mai bayar da wa'adi kuma ya ci gaba da kiran taron manema labarai.

Ba yau aka fara neman maganin abin ba. A 1957 Turawa sun kafa hukumar Sir Henry Willink ta binciki tsoron da ƙananan ƙabilu ke ji kafin a ba da mulkin kai. Mutanen Tsakiyar Nijeriya da na bakin teku sun nemi jihohinsu, hukumar ta ƙi, ta ce a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Daga nan muka gaji abin da yau yake sashe na 38 kan addini, na 39 kan faɗin albarkacin baki, na 41 kan zama a duk inda mutum ya so, na 42 kan hana wariya. Sashe na 417 na dokar finalkod ya daɗe da haramta cusa ƙiyayyar wani rukunin jama'a ta yadda zai jefa zaman lafiya cikin haɗari. Sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 da ita, ya hana yaƙin neman zaɓe da zagin da ke taɓa addini ko ƙabila, amma kowa ya ji abin da aka yi ta faɗa wa Inyamuran Legas a zaɓen gwamna na 2023, kowa kuma ya ji abin da aka faɗa a kan wasu mumbarai da wasu majami'u a zaɓen shugaban ƙasa. Doka tana nan a takarda. Mai ɗaukarta ya kai babban mutum gaban alƙali ne babu.

Saboda haka idan za ku rubuta sabuwa, ku rubuta ta siririya, mai kaifi, wadda ta san abin da take farauta. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar duniya kan haƙƙoƙin farar hula da siyasa tun 1993, sashe na 20 nata kuma bai ce a hana zagi ko ɓata rai ba. Abin da ya ce a haramta shi ne kiran ƙiyayya ta ƙasa ko launin fata ko addini wanda ya kai ga tunzura mutane su nuna wariya ko gaba ko su kai hari. A 2012 ƙwararru sun zauna a Rabat ta Maroko suka fitar da ma'auni shida da alƙali zai duba: halin da gari yake ciki lokacin da aka yi maganar, matsayin mai maganar, niyyarsa, abin da ya faɗa da yadda ya faɗe shi, iya nisan da maganar ta kai, da kuma yiwuwar ta jawo ɓarna. Ku sa waɗannan a cikin dokar da kanta. Ƙudurin 2019 ya tattara har da kalaman "cin fuska" da "zagi" ya zuba a buhu ɗaya, kalmomin da kowane ɗan sanda zai iya miƙewa yadda ya so.

Ina so in daɗe kaɗan a kan wannan, don akwai abin da lauyan Abuja mai rubutu da Turanci zai iya mantawa. Mu muna da barkwanci. Bafulatani da Babarbare su haɗu a tasha, kowa ya kira ɗan'uwansa bawansa, a yi dariya a sha shayi. Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, Fulani da Tibi, abin da suke faɗa wa juna in aka rubuta shi a takarda aka miƙa wa mai gabatar da ƙara, zai ce ga kalaman ƙiyayya tsirara. Alhali wannan wasa shi ne ya daɗe yana kashe wuta tsakanin al'ummomi, har UNESCO ta sa na Jamhuriyar Nijar cikin kayan gadon duniya a 2014. A ɗaya hannun kuma mutum zai iya tsayawa da lafazi mai laushi, babu ashar ko ɗaya, ya ce wa matasa "kun dai san inda suke kwana", a wayi gari da gawarwaki. Dokar da ke ƙirga munanan kalmomi za ta kama na farko ta saki na biyu. Niyya da matsayi da halin gari ne suke raba su.

Maganar matsayi kuwa, ina roƙon ku juya tsarin da aka saba. Hukunci ya fi nauyi a kan wanda ya fi murya: gwamna, sanata, ɗan takara, sarki, limami, fasto, mai gidan rediyo, mai mabiya dubu ɗari a TikTok. Wanda kotu ta samu da laifin tunzura jama'a a kan wata ƙabila ko addini, a hana shi tsayawa takara na wasu shekaru, don wannan ya fi tsorata ɗan siyasa fiye da kurkukun da ya san ba zai shiga ba. Ku rubuta ƙarara cewa sukar gwamnati, ko jami'inta, ko jam'iyya, ko tsarin tarayya kansa, ba ya cikin wannan laifi. Mutumin Kudancin Kaduna da ya ce an danne su, ko Bafulatanin Mambila da ya ce an kashe danginsa ba a yi komai ba, kukansa yake yi, kada dokar da aka ce don shi aka yi ta zama ita ce ta rufe masa baki. Hukuncin kisa ku cire shi gaba ɗaya. Wanda ya sa aka yi kisa, dokar kisan kai da ta haɗa baki sun ishe shi.

Sabuwar hukuma ma ba ma bukata, da shugabanta da motocinta, wanda fadar shugaban ƙasa za ta naɗa. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam tana nan tun 1995, gyaran 2010 ya ba ta ikon yanke hukunci da bayar da diyya. Ku ba ta kuɗi da ma'aikata masu jin Hausa da Fulatanci da Tibi da Ibo da Yarbanci, ku kuma buɗe ƙofa ga al'ummar da aka yi wa barazana ta shigar da ƙara da kanta a Babbar Kotun Tarayya, ba sai ta jira kwamishinan shari'ar jihar da gwamnanta ke cin moriyar maganar ba. Kamfanonin Facebook da TikTok kuma a tilasta musu su bayyana mutum nawa suka ɗauka masu tace abin da ake rubutawa da harsunanmu.

Akwai kuma tushen da ku kaɗai za ku iya taɓawa. Muddin takardar shaidar asali ce ke buɗe ƙofar makaranta da aiki da tallafin karatu, gwamnati da kanta ce ke koya wa yara cewa akwai ɗan gida akwai baƙo. Ni an haife ni a gari ɗaya, na yi karatun firamare a can, amma da na tashi neman gurbin karatu sai da na yi tafiyar kwana guda zuwa ƙauyen da ban taɓa kwana a ciki ba, na nemo wanda zai shaida kakana. Na koyar da yara a Kano waɗanda Hausarsu ta fi tawa daɗi, suna gama sakandare aka ce su koma "jiharsu". Rikicin Jos tun daga 2001, da na Zangon Kataf a 1992, a kan wannan kalma suka tsaya. Tsarin mulki ya ambaci ɗan asali a sashe na 147 wajen naɗa ministoci, bai ba wanda aka haifa a wuri ya girma ya biya haraji a can matsayin komai ba. Duk lokacin gyaran tsarin mulki sai a taɓo maganar a ajiye.

Ku 'yan majalisarmu na Arewa, da ku nake wannan maganar ta ƙarshe, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Lokacin Uromi kun tashi a zauren majalisa kun yi magana da zafi, kun kyauta, haka ya kamata. Lokacin Sakkwato da yawanku kun yi shiru, wasu da suka yi magana sun janye don tsoron ƙuri'a. Mutanen Kudu sun lura, kamar yadda mu ma muke lura da shirun nasu idan namu ne a ƙasa. Addinin da mafi yawanmu ke bi ya hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi a Suratul Hujurat, ya ce a binciki labari kafin a afka wa mutane cikin jahilci. Ranar da wani Muhajiri da wani Ba'ansare suka yi faɗa kowa ya kira danginsa, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa ya yi a bar wannan kira domin abu ne mai wari. Ba mu da uzurin jiran sai namu ne aka taɓa.

Idan ƙudurin ya dawo, kada ku yi zaman jin ra'ayin jama'a a ɗakin taro na Abuja kaɗai, inda sai mai kuɗin jirgi da Turanci ke zuwa. Ku kai zaman Sabon Garin Kano da Sabo ta Ibadan, ku kai shi Zonkwa da Yelwan Shendam da kasuwar shanu ta Lokpanta a Abiya, ku tafi da tafinta. Ku tambayi mutanen wace magana suka ji ana yi a mako na ƙarshe kafin a zo musu, da bakin wa ta fito, da kuma wanda suka kai wa ƙara. In kun zo Kano, in Allah Ya bar ni da rai da lafiya, zan zo in ba da tawa shaidar.

Wassalam.

Naku,
Malamin makaranta mai ritaya,
Kano.